Tambaya da Amsa: Yadda Ake Gane Tsoffin Insuletocin Gilashi da na Tangaran

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan insuleta, ɗan kofin nan na gilashi ko na tangaran da ake kifawa a saman falwaya a ɗaure waya a wuyansa, don kada wuta ta bi katako ta zurare ƙasa. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A cikin kayan da mahaifinmu ya bari mun tarar da insuleta biyu na gilashi. Babbar fara ce garau, an rubuta HEMINGRAY-42 a gaba, a baya kuma MADE IN U.S.A. da lamba 17-41 da ɗigo huɗu. Ƙaramar shuɗi-shuɗi ce, an rubuta HEMINGRAY No 9 da PATENT MAY 2 1893. Yayana ya ce ƙaramar ta haura shekara 130, don haka dukiya ce. Haka ne?

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, ka ce wa Yaya ya ɗan sassauta lissafi. Ranar 2 ga Mayu 1893 ita ce ranar da hukuma a Amurka ta yi wa kamfanin Hemingray rajistar wata dabara, ba ranar da aka zuba wannan gilashi ba. Kifa insuletar ka shafa gindinta da yatsa, za ka ji haƙora jere a zagaye. Su aka yi wa rajistar. Tunanin masu ƙirar shi ne ruwan sama idan ya gangaro zai taru a kan haƙoran ya ɗiga ƙasa, maimakon ya lallaɓa ciki ya jiƙa fegin katakon da insuletar ke zaune a kai. A wancan zamani rajistar ƙira a Amurka shekara 17 take yi, amma ƙarfen zubi abu ne mai tsada, ba a jefar da shi don kawai wa'adin takarda ya cika. Haka aka ci gaba da zuba gilashi a cikinsa da rubutun 1893 shekara da shekaru. Iyakar abin da rubutun ya tabbatar maka shi ne insuletar ba ta riga 1893 zuwa duniya ba.

Babbar kuwa ta faɗi shekarunta da bakinta. Bayan da kamfanin Owens-Illinois ya sayi Hemingray a 1933, sai aka fara sa lambar shekara a jikin kaya. A taku, 17 lambar ƙarfen zubi ce, 41 kuma shekarar da aka ƙera ƙarfen, wato 1941. Duk shekarar da ta zagayo ana aiki da shi sai a ƙara ɗigo ɗaya. Ɗigo huɗu a kan 1941, ka ga 1945 ke nan.

Maganar dukiya kam babu ita. Hemingray-42 ta fi kowace insuletar gilashi yawa a hannun masu tarawa. Tun farkon shekarun 1920 masana'antar da ke Muncie a jihar Indiyana take zuba ta miliyan a kan miliyan, akasari don layukan tangaraho da ke bin hanyar jirgin ƙasa, kuma ba ta daina yin insuleta ba sai 1967. A taron masu tarawa a Amurka, fara irin taku dala ɗaya ce ko biyu, wani ma kyauta yake miƙa wa yara. Lamba 9 ɗin ma ba ta ɗara ta da wani abin a zo a gani ba, muddin launinta wannan shuɗi-shuɗin ne na yau da kullum. Da ni ne ku, sai in goge su in ajiye a taga inda rana ke bugawa. Kayan uba ne, kuma abin koyo ne mai kyau, domin kusan duk gaɓoɓin da ake dubawa a insuleta suna jikinsu.

Tunda maganar ta zo, bari in faɗi yadda nake yi idan aka miƙo mini insuleta. Siffa nake fara dubawa, ban kula rubutu ba tukuna. Wani Ba'amurke, N. R. Woodward, shi ya tsara wa insuletocin gilashi lambobi bisa siffarsu, ana kiran su lambar CD, kuma da su masu tarawa ke magana a ko'ina. Lambar ba ruwanta da kamfani ko launi. Tsayi da faɗi take kallo, da inda wuyan ɗaure waya yake, da yadda kan ya tashi, da ko akwai leɓe na biyu a ciki. Hemingray-42 CD 154 ce, haka ma Whitall Tatum No 1, ko da yake kamfanoninsu daban. Lamba 9 ɗinku CD 106 ce. Mai dogon kai da ake yi wa laƙabi da amya kuwa CD 145. Leɓen cikin nan da ake ce wa fatari aiki gare shi: yana tsawaita hanyar da wuta za ta bi kafin ta isa fegi, kuma yana zama a bushe ko ana tsuga ruwa. Babbar taku tana da shi, ƙaramar ba ta da shi, ka kifa su ka gani. Bayan siffa sai rubutu, harafi bayan harafi, har da kurakurai, don mai sassaƙa ƙarfen zubi yakan juya harafi ko ya tsallake shi, kuma irin waɗannan ana nemansu. Daga nan sai lafiyar jiki. Launi shi nake bari ƙarshe.

TAMBAYA: Malam, ni mai tara tsoffin kwalabe ce, kwanan nan na fara leƙa harkar insuleta. Wani mai sayarwa a intanet ya turo mini hoton Hemingray-42 launin shunayya mai duhu, kyakkyawa ƙwarai. Ya ce rana ce ta rina ta a kan falwaya, shi ya sa ya tsuga mata kuɗi. In saya?

AMSA: 'Yar'uwa, riƙe kuɗinki. Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma da wannan rabin ake cutar mutane.

Yashin da ake narkawa a yi gilashi yana ɗauke da ɗan ƙarfe, shi ke ba gilashi launin nan tsakanin shuɗi da kore. Insuleta kayan araha ce, ba wanda ya damu da launinta, har fasassun kwalabe akan juye a tukunyar narkawa don rage kashe kuɗi. Shi ya sa yawancin tsoffi shuɗi-shuɗi ne. Kamfanin da ya so gilashinsa ya fito garau sai ya zuba masa sinadarin manganis, wanda ke danne launin ƙarfen. To manganis ɗin nan idan ya daɗe yana shan rana sai ya juya zuwa shunayya, mai haske ko mai ɗan kauri, gwargwadon yawan da aka zuba. Har nan mai sayarwar bai yi ƙarya ba. Wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, manganis ya yi wuyar samu, masana'antu suka koma amfani da seleniyam, wanda shi kuma rawaya-rawaya mai haske yake bari. Akwai insuletoci masu shunayya ta asali, ba musu: na kamfanin California Glass Insulator da ya yi aiki a Long Beach daga 1912 zuwa 1916, da kuma Whitall Tatum No 1 na farkon shekarun 1920. Wannan ta biyun ma tana nuna cewa maganar da ake yi wai duk shunayya kafin yaƙi aka yi ta, ba doka ba ce.

Amma Hemingray-42 an san launukanta: shuɗi-shuɗi, shuɗin nan mai kauri da har ake kira da sunan kamfanin, kore iri-iri, mai ɗan ratsin launi kaɗan, da fara garau. Shunayya mai duhu a jikinta abin tuhuma ce. Abin da ake yi shi ne a saka gilashin araha a na'urar hasken gama, irin wadda ake kashe ƙwayoyin cuta a kayan asibiti da ita. Cikin ɗan lokaci sai ya yi launin da rana ba za ta ba shi ba ko ya shekara ɗari a kan falwaya: shunayya mai duhu da ke neman komawa baƙi, ko ruwan ƙasa kamar an ƙona shi. Kyan ɗan maciji ke nan. Wasu kuma fenti ne mai shara-shara suke shafawa, musamman a ciki. Na fenti yana da sauƙin kamawa: jiƙa auduga da ruwan goge jan farce ki shafa cikin leɓen, idan auduga ta ɗauki launi magana ta ƙare. Na hasken gama kuwa launin ya ratsa gilashin, ba wani gwajin gida da zai yanke hukunci. Abin da ke kare mai saye shi ne sanin wane kamfani ya yi wace siffa da wane launi. Shi ya sa nake cewa siffa da suna su zo kafin launi. Ƙungiyar masu tarawa ta Amurka, National Insulator Association, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana yaƙi da wannan maguɗi, kuma ba ta yarda a kawo wadda aka sauya wa launi wurin taronta a matsayin ta asali ba.

Nan gaba idan za ki saya daga nesa, ki nemi hoto a hasken rana a gaban farar takarda, ba wanda aka haska fitila ta baya ba, domin fitila tana ƙara wa ko wane gilashi kyau. Idan kaya ya iso hannunki, ki haska shi a ɗaki mai duhu da ƙaramar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba takardar kuɗi da ita. Gilashi mai manganis zai yi wani haske kore-kore mai rawaya. Wannan bai nuna ko rana ce ta rina shi ko na'ura ba, amma fitilar tana tona asirin inda aka cike ɓantare da gam, don wurin yakan yi haske daban da sauran jiki.

In kin tambayi ra'ayina, na fi son shuɗi-shuɗi mai kumfa a ciki, ko mai zanen fari kamar hayaƙi, ko wadda ɗan guntun ƙarfe ya faɗa cikin narkakken gilashinta ya maƙale. Irin wannan aibi na masana'anta ba mai iya ƙirƙirar shi daga baya.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikacin waya ne, na yi ritaya. Ina da biyu na tangaran. Ɗaya fara ce, ramin cikinta siriri, an buga LNER a jikinta da wani ɗan tambari na hannu riƙe da insuleta. Ɗayar ruwan ƙasa ce, ba rubutu ko ɗaya, kuma akwai wani zagaye a samanta da ba ƙyalli, jikokina na cewa gogewa ta yi. Me za ka ce?

AMSA: Baba, ranka ya daɗe, ai kai ya kamata mu tambaya, tunda kai ka ɗaura musu waya da hannunka. Farar 'yar Ingila ce. Siririn ramin ya nuna haka tun kafin rubutu: Amurkawa a kan fegin katako mai kaurin inci ɗaya suke murɗa tasu, Ingilishi kuwa a kan siririn ƙarfe, bisa ƙirar da J. H. Cordeaux ya yi wa rajista a 1877. Hannu riƙe da insuleta tambarin kamfanin Bullers ne, mai masana'anta a yankin Staffordshire, cibiyar tangaran ta Ingila. LNER kuma ba maƙeri ba ne, mai kaya ne: kamfanin jirgin ƙasa ne da aka kafa a 1923, ya ƙare a ƙarshen 1947 lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓe layukan dogo. Saboda haka tsakanin waɗannan shekaru aka yi ta. Da LMS aka buga, wato wani kamfanin jirgin ƙasa na Birtaniya na wannan zamani, lissafin ɗaya ne. Da GPO ne, ta hukumar gidan waya ce, wadda ita ke riƙe da tangaraho da tarho a can.

Ta biyun, ka gaya wa jikoki ba gogewa ba ce. Nan ne mazauninta a cikin tanderu. Ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran narkewa yake yi a wuta, idan aka shafa ko'ina sai kayan ya manne da inda aka ɗora shi. Dole a bar wuri ɗaya tsirara. Wasu a kan gindi aka gasa su, wasu a kife, kuma inda aka bar wannan wuri yana taimakawa wajen gane zamani da kamfani.

Wurin yana da wani amfani. Hanya biyu ake yin tangaran na lantarki. Akwai wanda ake danna ɗanyen garin yumɓu a ƙarfen zubi, shi ne mai araha, jikinsa yana da ƙananan kofofi, yana shan ruwa, sau da yawa kuma za ka ga layin haɗin zubin a gefensa. Akwai wanda ake kwaɓa yumɓun sosai a murza shi, shi kuma idan ya gasu yakan haɗe tamau, ruwa ba ya ratsa shi. Ɗiga tawada a wurin da ba ƙyalli. Idan ta nutse ta bazu, na farkon ne, kayan tarho ne ko ƙaramar wuta. Idan ta tsaya a sama ka goge ta fita, na biyun ne. Wannan bambanci shi ya sa tangaran ya ƙwace manyan layukan wuta daga hannun gilashi tun daga shekarun 1890, zamanin da aka ja wuta daga Niagara zuwa birnin Buffalo na Amurka a 1896, kuma zamanin da Fred M. Locke ya kafa sana'arsa a Victor ta jihar New York. Tsohon gilashi ba ya jure zafi da sanyi da nauyin babbar waya kamar tangaran mai kyau.

Rashin rubutu ba abin mamaki ba ne, tangaran da yawa haka suka fito. Ka dai sake dubawa a gefen haske, don wani tambarin danna shi aka yi a ɗanyen yumɓu, ƙyalli ya cike shi. Harafin O da B a haɗe na Ohio Brass ne. Lapp, da aka kafa a 1916, yakan sa shekara kusa da sunansa. Idan babu komai sai a koma siffa: masu gaɓa ɗaya lambar U ake ba su, tsarin Jack Tod, waɗanda aka haɗa gaɓa biyu ko uku da siminti kuma lambar M, tsarin Elton Gish. Launin toka mai haske sabon yayi ne, daga shekarun 1960 ya bazu.

TAMBAYA: Malam, akwai wani tsohon layin waya a gefen layin dogo, wayoyin duk sun tsinke, amma insuletoci na nan jere a sama. Ni da abokina muna son mu hau mu kwance.

AMSA: Ɗana, kada ku hau. Falwayar da ta shekara hamsin a ƙasa daga gindi take ruɓewa, samanta lafiya lau, sai ta ji nauyin mutum ta karye. Wayar da ka gani a tsinke a nan, ba ka san abin da ta taɓa a can gaba ba. Sannan kayan na da mai su ko da ya yi watsi da su, kuma gefen layin dogo ba wurin yawo ba ne. Ku nemi izini, ku tambayi ma'aikata lokacin da za a sauke layin. Duk abin da kuka gani mai mai a ciki, na jikin taransifoma ko makamancinsa, ku bar shi inda yake: tsohon man irin waɗannan kaya yakan ƙunshi sinadarin PCB mai guba.

TAMBAYA: Malam, na ga wata insuleta baƙa-baƙa wadda cikinta sumul yake, ba tiredin murɗawa. Mai ita ya ce kuskuren masana'anta ne. Ni kuma na ji kamar ta fi sauran tsufa.

AMSA: Ɗan'uwa, zatonka ya fi nasa kusa da gaskiya. Layin tangaraho na Samuel Morse tsakanin Washington da Baltimore a 1844 ya fara aiki, kuma shekara ashirin da suka biyo baya, har da layin da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma a 1861, insuletocin gilashi ba su da tiredi. Cusa su ake yi a kan fegi da tsumma ko kwalta. Iska ta kaɗa waya, katako ya bushe ya tsuke, sai insuleta ta tuɓe, ma'aikaci ya yi ta bin layi yana mayarwa. Louis Cauvet ne ya yi wa tiredin cikin rami rajista ranar 25 ga Yuli 1865, kamfanin Brookfield na New York ya karɓi dabarar, shi ya sa za ka ga sunan Cauvet da wannan rana a jikin tsoffin kayansu. A kan Brookfield ma adireshi yana taimakawa: mai 55 Fulton ta girmi mai 45 Cliff.

Marasa tiredi na Arewacin Amurka suna cikin jerin CD 700 zuwa 799, kuma su ne ake rububi, wasu kan kai dubban daloli. Duba baƙin nata a gaban rana, galibi kore ne ko ruwan zuma mai duhu ƙwarai. Amma kada ka yi saurin murna. Insuletocin gilashi da yawa na Turai, irin na Folembray da Isorex a Faransa, ba a kan fegin katako irin na Amurka aka yi su ba, da siminti ko zaren rama ake kafa su a kan ƙarfe, kuma na ƙarni na 20 ne, korensu ma mai duhu ne. Akwai kuma 'yan damfara da ke goge tiredin ta yau da kullum da na'ura. Zura yatsa: ramin asali santsinsa ɗaya da sauran jikin gilashin, wanda aka goge kuwa dishi-dishi yake. Ka auna tsayinta da faɗin gindinta, ka turo da hoton gefe da na ciki.

TAMBAYA: Malam, tawa ta yi baƙi ƙirin, sabulu ya ƙi fitar da shi, kuma guntun fegin katako ya maƙale a ciki. Wata ta ce in tafasa ta.

AMSA: 'Yar'uwa, idan kika tafasa ta za ki ji ƙas, shi ke nan ta tsage. Tsohon gilashi mai kauri ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya, ko daga rana aka ɗauko shi a bar shi ya huce kafin ya taɓa ruwa. Baƙin nan hayaƙin kwal ne na jiragen ƙasa da ya daskare shekara da shekaru. Masu tarawa da sinadarin asid ɗin oksalik suke jiƙa shi, garin da ake wanke katako da tsatsa da shi. A bokitin roba mai murfi ake haɗawa, a zuba garin a cikin ruwa, ruwan kuma ba zafi ba sanyi, a sa safar hannu da tabarau, a ajiye nesa da yara domin guba ne. Kwana ɗaya ko biyu, sai a ɗauraye a goge da soso mai laushi. Banda masu shafen nan mai walƙiyar bakan gizo, irin wasu Pyrex na kamfanin Corning: shafen a saman gilashi kawai yake, ruwa da sabulu sun ishe su. Farin dishi-dishi da ke jikin wadda ta daɗe a binne kuwa ba datti ba ne, ƙasa ce ta ci fuskar gilashin, wanki ba ya fitar da shi.

Fegin ki fara cirewa kafin duk wani jiƙo, domin katako idan ya sha ruwa kumbura yake yi, yana iya fasa gilashin daga ciki. Ki ajiye ta a busasshen wuri a inuwa na wasu makonni har katakon ya tsuke, sannan ki murɗa a hankali zuwa hagu. Idan ya ƙi, a huda tsakiyar fegin da siririn abin huda katako, a riƙa ɓantaro shi kaɗan-kaɗan zuwa ciki, ba tare da ƙarfe ya taɓa tiredin ba.